Wuni Guda a Karofin Ƙofar Mata

Yau labarin wata 'yar tafiya na kawo miki, wadda na yi daga Zariya zuwa Kano a hutun makaranta da ya wuce, kuma ba don ziyara ko sarin atamfa a Kantin Kwari na yi ta ba, aike na aka yi.

Autarmu ce take karatun aikin jarida a jami'a can Kano, tana shekarar ƙarshe. Sai malaminsu ya raba su rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya shirya fim na minti 15 a kan wata sana'a ta gargajiya, da shi za a ba su maki. Ranar da ta bugo waya ta shaida wa Baba, kalmar "fim" kawai ya ji ya ce a'a, shi bai tura 'yarsa makaranta don ta je ta yi rawa da waƙa ba. Ta yi bayani ta yi bayani, cewa wannan dokumentari ne, wato fim na zahiri wanda babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinsa, amma ina! Har ta fara kukan za ta faɗi darasin. Inna ce ta nemo mafita, ta ce tunda gani ya kori ji, a tura ni in je in gano da idona. Maigidana ya ba ni izini, ranar Alhamis da sassafe na hau mota.

Ba zan ɓoye miki ba 'yar uwa, ni ma da irin tunanin Baba na tafi. Shekara da shekaru ina jan kunnen ɗalibaina a kan abin da suke kallo, ga shi yau ƙanwata ce a bayan kyamara.

Hanya dai kin san ta, Tashar Yari, Kwanar Dangora, sai gonakin shinkafar Kadawa sun shimfiɗu shar har iya ganinki. Da muka zo Kura na tuna rawanin kakanmu, ɗan Kura, baƙi mai sheƙi wanda in ya sa shi ranar Idi sai ya bar masa shuɗi a goshi. Ban san cewa wannan rawanin zai dawo cikin labarin ba.

Ƙarfe goma saura na sauka daga Adaidaita Sahu a Ƙofar Mata. In ba an nuna miki ba sai ki wuce wurin ba ki sani ba, domin kuwa gefen titi yake, ga cunkoson motoci, ga masu zuwa dubiya asibitin Murtala, ga 'yan talla. Amma kina shiga ƙofar sai wari ya tare ki, warin baba da toka da suka jiƙa, mai kama da na daddawa da ta kwana a rufe. Ƙasa kuwa duk ramuka ne zagaye-zagaye a jere, kamar an kifa bakin randuna an binne. A jikin ƙofar an rubuta 1498, shekarar da ake cewa an kafa wurin. Wannan ya faɗa ƙarshen zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, mai Gidan Rumfa da kasuwar Kurmi. Baturen Jamus ɗin nan Barth, da ake kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya kuma rubuta yadda rinannen tufafin Kano yake ƙetare Sahara har Timbuktu da Tarabulus. Buzaye su ne manyan masu saye, turkuɗi ga matansu, rawani ga mazansu.

Na tarar da su bakwai, maza biyar mata biyu. Auta ta taho da gudu ta rungume ni, sanye da hijabinta har ƙasa, ta ɗora abin sauraro a kunne ta saman hijabin, ga doguwar sanda da makirfo a kanta. Dariya ta kusa kama ni. Ta ce, "Yaya, ni ce mai sauti." Akwai darakta, wani dogon yaro mai yawan magana, akwai mai ɗaukar hoto, akwai wanda zai tace aikin a kwamfuta, ɗaya yarinyar kuma tana riƙe da littafi tana rubuta kowane ɗauka da lokacinsa. A raina na ce an dai ba ƙanwata aikin riƙe sanda. Sai da na zauna a kan benci na awa guda sannan na gane nauyin abin. Duk lokacin da babbar mota ta danna oda, ita kaɗai ke ɗaga hannu ta ce a tsaya, kuma dole kowa ya tsaya, har daraktan. Ta sa min abin a kunne na ji: ashe tsiyayar ruwan baba daga jikin ƙyalle tana da sauti, ashe numfashin tsoho yana da sauti. Ta ce mutum zai iya haƙuri da hoto mara kyau, amma in bai ji magana ba tashi zai yi.

Marinin da suka yi hira da shi dattijo ne, hannuwansa shuɗi har gwiwa, farcensa kuwa ya riga ya rine. Ya ce sana'ar gado ce, a wajen mahaifinsa ya koya. Ya nuna yadda ake haɗa rijiya: a cika ta da ruwa, a zuba toka, a zuba busasshen baba da kanwa, a bar ta makonni tana ruɓa ana motsa ta da doguwar muciya har kumfa ta taso. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, kore-kore ya fito, sai da iska ta buge shi a gaban idonmu ya juya shuɗi. Subhanallahi! Haka zai yi ta tsomawa yana ɗagowa, gwargwadon yawan tsomi gwargwadon duhun launi. In rijiya ta mutu a kwashe katsin da ya kwanta a ƙasa, shi ma ba a zubarwa, da shi magabata suke haɗa lason da ake shafe rijiyar. Daga can gefe kuma 'yan bugu ne, sun shimfiɗa tufafi a kan gungume suna kirɓa da tabare har ya yi santsi da sheƙi. Wannan ce gugar kakanninmu.

Amma fa wurin ya tsufa, kuma tsufan da ban tausayi. Rijiyoyin sun haura ɗari, waɗanda ke aiki kuwa ba su taka kara sun karya ba, saura sun bushe, wasu sun zama bolar leda. Tun 1897 aka fara sayar da shunin kanti a Jamus, ga galura mai rina kaya cikin 'yan mintuna, ga yadin Sin mai araha ya cika Kwari. Dattijon ya ce Turawa masu yawon buɗe ido da suke ɗan saye sun ɗauke ƙafa tun bayan harin da aka kai Kano a watan Janairun 2012. Ya dubi yaran ya ce, "Ku ma ɗauka za ku yi ku tafi. Kowa ɗauka yake ya tafi." Ba wanda ya iya ba shi amsa.

Nan ne Auta ta yi abin da ya sa na rubuta miki wannan labarin. Tana kallon wani zane da aka shanya, mai zobe-zobe farare kamar wata da taurari, sai ta sauke sandarta ta ce, "Baba, wa yake yin wannan adon?" Ya ce ai wannan aikin mata ne a cikin gida. Su ke ɗaure ƙyallen da zare ƙulli-ƙulli, wani su ɗinke, a kawo a rina, in an kwance sai inda aka ɗaure ya fito fari. Kin ji fa. Yaran nan sun yi sati uku suna tsara fim a kan rini, ba wanda ya tuna akwai mace a ciki.

Dattijon ya haɗa mu da jikansa ya kai mu wani gida a cikin lungu. A zaure mazan suka tsaya, ba shiga. Mai ɗaukar hoto ya miƙa wa Auta kyamarar kamar wanda ake raba shi da ɗansa, yana ta nuna mata nan za ki danna, nan kada ki taɓa. Muka yi sallama mu uku. Uwargidan, wata dattijuwa mai fara'a, ta ce sai an tambayi Malam. Aka aika, ya ce ya yarda a ɗauki hannu da murya, ban da fuska. Auta ta ce ta ɗauki alkawari.

Ai kuwa na ga hannu! Tana hira da mu ba ta ko kallon ƙyallen, yatsunta na tsunkulo shi suna naɗe zare kamar mai jan carbi. Ta ce tun tana 'yar shekara tara take yi, da shi ta yi wa 'ya'yanta mata huɗu kayan ɗaki, kuma zane ɗaya mai ƙananan ƙulli yakan ci mata kwanaki, ladan kuwa bai kai wahalar ba. Aka yi minti ashirin ana wannan hira mai daɗi, sai na ga fuskar Auta ta canza. Ashe ta mai da hankali kan kyamara ta mance ba ta kunna na'urar sautin ba, aikinta na asali. Idonta ya ciko. Dattijuwar ta yi dariya ta ce, "Haba 'yata, ni sau nawa nake kwance ƙulli in sake? Kunna mu koma." Ta biyun ma ta fi ta farkon, don a nan ne ta faɗi cewa ko sau ɗaya ba ta taɓa taka karofin ba, ba ta taɓa ganin yadda ake rina abin da ta ɗaure ba, sai dai a dawo mata da shi ta kwance.

Da muka fito suka taru a zaure suna duba abin da aka ɗauko. Akwai wani wuri da surukar gidan ta gifta da goyo, ba mayafi, fuskarta ta fito sarai, hasken rana ya sauka a kanta. Daraktan ya yi tsalle ya ce wannan shi ne hoton da zai kawo musu maki. Auta ta ce a goge. Ya ce sakan uku ne kacal, kuma malaminsu kaɗai zai gani. Ta ce abin da ya shiga kwamfuta ba wanda ya san inda zai kwana, kuma ita ta yi alkawarin, ba shi ba. Aka yi ta ja. Ni dai na yi shiru da gangan, ina so in ga iya gudun ruwanta. Daga ƙarshe ta ce in ba a goge a gabanta ba, to a cire hirar gaba ɗaya, ba da sautinta ba. Aka goge.

Kada ki ɗauka komai ne ya yi min daɗi. Azahar ta yi suna ta aiki, wai kada rana ta juya, sai da na yi magana sannan aka ajiye kaya aka nufi masallaci. Raha tsakanin mazan da matan ma ta ɗan fi yadda nake so, na kuma faɗa wa Auta a keɓe. Sannan wai za su je tace aikin da daddare don lokacin ne ake samun wuta, na ce ba da ƙanwata ba, su nemi rana. In 'yarki ta zo miki da irin wannan, ki tambaye ta wane irin fim ne, su wa da wa, a ina, ƙarfe nawa za a tashi. In da hali ki bi ta ko wuni ɗaya ne.

Kafin in kamo hanya na sayi zane biyu a wajen dattijon, ɗaya na Inna ɗaya nawa, ban nemi ragi ba. Na faɗa wa Baba duk abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi, ya ce to ta ƙarasa. Bayan wata biyu Auta ta zo hutu da fim ɗin a waya. Baba ya sa tabarau ya kalla bai ce uffan ba, har aka zo wajen 'yan bugu, sai ya ce a mayar baya. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya buɗe tsohuwar adaka ya fito da ɗan Kuran kakanmu, yana ta warin kafur. Ya tambayi Auta ko an kai wa matar nan ta ga aikinta. Ta ce ta kai mata, har gidan suka taru suka kalla sau uku, kuma wurin da dattijuwar ta fi so a maimaita shi ne inda ƙyalle ke fitowa kore ya koma shuɗi.