Ningi: Ƙasar da Malaman Tsakuwa Suka Kafa a Duwatsu

Duk ɗan Rano ko Kibiya da ya tashi a gaban tsofaffi ya ji sunan Ningawa, kuma ba da daɗi ba. Su ne mahara da suke faɗo wa ƙauyukan kudancin Kano, su kwashi mutane da dabbobi su yi gaba. Da wannan labari a kaina na bi ta Birnin Kudu na shiga ƙasar Ningi a Jihar Bauchi, amma abin da idona ya gani ya sa na sara musu.

Duwatsun kawai sun isa bayani. Jibga-jibgai ne, wani bisa wani, da 'yan matsattsun hanyoyi a tsakani waɗanda mutum biyu ba sa jerawa. Na tsaya ina kallon wani yaro yana kora awaki sama, ƙafarsa ba takalmi, yana taka dutse kamar mai tafiya a tsakar gida, ni kuwa ban yi rabi ba numfashi ya ƙare. A gindin dutsen ga dawa ta yi kyau a 'yan gonakin da aka ƙwato daga tsakuwa. Ƙarfin Kano a da dawaki ne, nan kuwa doki ba shi da ta cewa.

Wajen 1846, zamanin Sarkin Kano Usman, Malam Hamza da wasu malamai suka bar garin Tsakuwa saboda sun ƙi biyan kuɗin ƙasa, suna ganin shari'a ba ta ɗora musu shi ba. Suka sauka a duwatsun Ningi cikin Butawa da Warjawa da maƙwabtansu, mutanen da ba Musulmi ba, kowane dutse da nasa shugaban. Abin da ya fi burge ni ke nan: baƙi 'yan tsiraru, masu allo da tawada, suka haɗa kan ƙabilu masu harsuna daban-daban har suka zama ƙasa guda. Bayan Hamza, zamanin shugabanta Ɗan Maje, Ningi ta hana Kano da Bauchi da Zazzau barci. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha kai musu yaƙi, bai ci su ba.

A Amurka an taɓa yin makamancin haka. A 1784 mazauna bayan duwatsu suka ɓalle daga North Carolina suka kafa jihar Franklin, da John Sevier a matsayin gwamna. Majalisar ƙasa ta ƙi karɓarta, kafin ƙarshen 1788 ta rushe, yankin yanzu yana cikin Tennessee. Shekara huɗu ke nan, amma har gobe ana rubuta littattafai a kanta. Ningi kuwa ta haura shekara hamsin da 'yancinta, sai da Turawa suka zo a 1902, zamanin shugabanta Ɗanyaya. Babban binciken da aka yi a kanta ma wani Ba'amurke ne, Adell Patton, ya yi shi a 1975.

Bayin da aka kwasa daga ƙasarmu gaskiya ne, kuma ba abin yabo ba ne. Amma namu sarakunan ma sun kwaso nasu daga waɗannan duwatsu, don haka labarin yana da ɓangare biyu, mu ɗaya muka gada.

Malaman tarihi na makarantun Rano da Kibiya, don Allah ku ɗebi ɗalibanku ku kai su Ningi. Tafiyar yini ɗaya ce.