Uwar Umar da hanyar Damargu

Ƴan uwa ɗalibai, in aka ce Shaihu Umar, abin da yawancinmu ke tunawa shi ne malamin da ya zauna a Rauta yana ba almajiransa labarin rayuwarsa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin don gasar 1933, tun bai zama firaministan Najeriya ba. Ni dai uwar ce ta tsaya mini a rai, ba ɗan ba.

An sace mata yaro. Ta bi sawunsa har Kano, ta tarar wani Balarabe, Abdulkarim, ya tafi da shi. Sai aka yaudare ta da alkawarin za a kai ta wurinsa, ta wayi gari baiwa, daga Murzuk sai Tarabulus. Da suka sadu a can, ba ta jima ba ta rasu. Umar ke ba da labarin da bakinsa, amma a wannan sashe "ni" ɗinsa ya ja baya, "ita" ta cika shafi. Mu masu karatun harshe mun san wakilin suna ba ƙaramin abu ba ne. Kana karantawa, ƙishirwarta na kama maƙogwaronka.

To, a nan ne ɗan Damargu ba zai karanta kamar ɗan Bauchi ba. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin Kano zuwa Tarabulus ta ƙasarmu ta bi: Damagaram, Damargu, Abzin. Barth ya ratsa nan a 1851 tare da ayarin Kel Ewey. Damargu rumbun hatsin Abzin ce, ayari a nan yake auna guzuri. Ke nan mata irin uwar Umar sun wuce ta gefen gonakin kakanninmu. Wani ya sayar wa ubangijinta gero, wata ƙila ta miƙa mata ruwa a ƙwarya. Wane ne namu a ciki?

Littafin ma, a ganina, tausayinsa da iyaka. Muna kuka da uwar don mun san ɗiya ce aka zalunta. Amma Makau, mijinta, ai da harin kamo bayi muka fara saninsa, kuma waɗanda aka kamo ba su da suna, ba su da uwa mai nemansu. Marubucin ya buɗe mana ƙofar mutum ɗaya, sauran ya bar su a zaure.

Haka muke har yau. A kasuwar Tanut ko Belbeji za ka ji an ce wa mutum "bawa" ana dariya, wai wasa ne. Sai a 2003 dokar Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, a 2008 kuma Hadijatu Mani ta yi nasara a kotun CEDEAO. Wannan fa ba zamanin Barth ba ne.

Hanyar ma ba ta mutu ba, kwalta kawai aka shimfiɗa mata. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara ƴan yankin Kance. Motocin da ke kwasar irinsu zuwa Agadas ta Tanut suke bi, suna tsayawa shan ruwa. Abin da na fi ji ana faɗa a tasha shi ne "mabarata ne, kwaɗayi ne". Ban taɓa jin wanda ya tambayi ɗaya daga cikinsu sunan garinsu ba, balle wa ta baro a gida.