Ziyarar da Na Kai Ruga

A ajina akwai wani yaro Bafulatani, shi kaɗai ne ba ɗan ekklisiya ba. A watan Disamba na 2023 ya yi mako biyu bai zo ba. Abin ya tsaya mini a rai, gama ranar da na gan shi ta ƙarshe muna labarin ƙasa ne, na nuna musu hoton wata dabba da ake kira yak. Ya roƙe ni in ara masa littafin ya kai wa kakansa, na hana shi, har da tsawa.

Ran Asabar da asuba na sa littafin a jaka. Matata ba ta so ba, ta ce zamani ya lalace, ba a shiga daji haka kawai. Gaskiyarta ne kuwa. Muka yi addu'a, na fita.

Na bar titin da ya taso daga Bodinga zuwa Shagari, na ratsa gonaki a ƙafa, wajen mil huɗu, hazo ya rufe ko'ina. An gama girbi, shanu suna cin kara suna bar wa manomi taki. Na tarar da yaron a bayan garke, bokoloji ne farare masu gajeren ƙaho. Da ya hange ni sai ya sunkuyar da kai.

Kakan ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura da nono a ƙwarya. Sai da na sha kafin na buɗe littafin. Tsohon ya daɗe yana duban hoton, sa'an nan ya ce, “Malam, wannan saniya ce ko tunkiya?” Na ce 'yar'uwar saniya ce, a duwatsun Himalaya take, wajen Tibet da Nepal, inda sanyi ya sa gashinta ya yi tsawo har kusan ƙasa. Makiyayan can sukan hau da su tudu in sanyi ya yi sauƙi, su sauko in ya tsananta. Itace ya yi ƙaranci a wurin, da busasshen kashin dabbar suke hura wuta, man kuma su zuba a shayi da gishiri. Nan ya yi dariya har da tari. Amma tambayoyinsa na makiyayi ne: ƙwarya nawa ake tatsa, ina suke shan ruwa, manoma suna tare musu burtali? Ni da nake malami na rasa amsa.

Daga baya ya daina dariya. Ya ce, “Malam, ni na hana shi zuwa. An ce za ku mai da shi Kirista.”

Na ce, “Baba, ba zan ɓoye maka ba, ni mai bin Yesu ne, ina kuwa yi wa jikanka addu'a. Amma karatu da lissafi nake koya masa, ba zan yi kome a bayan idonka ba.” Ya yi shiru, yana zane a ƙasa da sandarsa. Ya ce Annabi Yakubu ma kiwo ya yi. Na ce haka yake a Littafi Mai Tsarki, shekara ashirin a gidan surukinsa.

Bai yi mini alkawari ba. Ran Litinin sai ga yaron da kwalbar man shanu. Ya yi mako bakwai yana zuwa, sa'an nan ruwa ya janye, suka tashi suka yi kudu. Littafin yana wurinsa.