Sitaj ba biya da asirin mutanen garinmu

Duk wanda ya kai shekara ta uku a jami'a ya san takardar nan da ake ce ma atestasiyo ta sitaj. Layi biyar ne da tambari, amma in ba ka da ita dosiyenka gurgu ne duk inda ka kai shi. Saboda ita muke yin wata biyu ko uku a buron gwamnati ba a ba mu ko dala, kuma mu ne da godiya. Tawa na samo ta a hutun daminar bara, a wata likita ta gwamnati da ke yankinmu na Kance.

Za ku ce me ya kai ɗan ilimin harsuna likita. Tafinta ne. Ma'aikatan lafiya daga ko'ina cikin Nijar ake turo su, wani daga Doso, wani daga Tilaberi, Hausarsa ta ciniki ce, ta isa ya sayi rake a kasuwar Matamai amma ba ta isa ya gane tsohuwa in ta ce "jikina ne ya mutu" ba. Takardun kuma duk da Faransanci suke. Ni ina neman kalmomin ciwo don memwar ɗina, su suna neman mai fassara da mai cika rajista. Muka dace.

Maganar kuɗi gajera ce. Tun watan Janairun 2024 albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Ɗan sitaj yana ƙasa da wannan layi, don ba a ƙirga shi cikin ma'aikata. Kuɗin kabu-kabu da na abincin rana daga aljihun babana suka fito, daga abin da ya ajiye na raken da ya sayar. Abokina da muka yi bak tare, wanda ya fi ni kai nesa ba kusa ba, hutunsa a Kano yake yi yana talla. A yankin da a watan Oktoban 2013 mutum 92, mafi yawansu mata da yara daga nan wajenmu, ƙishirwa ta kashe su a hamada bisa hanyar Aljeriya, gida nawa ne zai iya ciyar da saurayi wata uku yana aikin kyauta? Sitaj ba biya rariya ce, kuma ba basira take tacewa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne rajistar. Ran da na fara aka miƙo mini ita da biro. Suna, unguwa, shekaru, ciwo, magani. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga abin da ba a faɗa a waje, ba wata takardar alkawari da na sa ma hannu. Alhali doka tana nan. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane mai lamba 2017-28 a ranar 3 ga Mayun 2017, aka kafa hukumar HAPDP don ta kula da ita, sannan a Disamban 2022 aka sake ta da doka mai lamba 2022-59. Bayanan lafiya suna cikin waɗanda dokar ta fi tsananta ma tsaro. A lakwal ɗin koyon aikin likita ana koya ma ɗalibai riƙe sirrin mara lafiya. Mu da muke shigowa ta ƙofar baya, ƴan harsuna da ƴan sosiyoloji da masu aikin sa kai, ba wanda ya koya mana.

Kuma mu muka fi hatsari. Ga majon da ya zo daga nesa, suna a rajista suna ne kawai. Ga ni, wannan matar ƙanen maƙwabcinmu ce, waccan mun yi allo tare da yayanta. Na san gidan, na san mijin, na san kishiyar. Da yamma in na zauna a fada ana dafa shayi, sai wani ya ce, "Kai Likita, yau me ya kawo wance?" Da wasa yake yi, amma kunnensa a buɗe yake. Mutumin da ba a biyan shi kuma ba shi da abin nunawa a fada sai labari.

Wata rana bayan la'asar wani dattijo ya tare ni. Ɗansa ke neman wata yarinya, an ce an gan ta a likita sau biyu. Ya ce, "Ɗana, ba wani abu ba ne, bincike ne irin na aure. Ka duba mini littafin nan naku." Hannunsa yana cikin aljihu yana maganar. Na ce, "Baba, a yi mini aikin gafara, amana ce aka ba ni. In gwaji kuke so, su je su biyun a yi musu." Bai ji daɗi ba, har yau gaisuwarmu a taƙaice take. Na ƙi ne don haka aka rene ni a gida. Tsarin da ya ɗora ni kan rajistar bai san komai game da renona ba, sa'a kawai ya yi.

A Hausa "rufin asiri" abu biyu yake nufi. Akwai ɓoye abin da mutum ba ya so a sani, akwai kuma samun abin da zai ishe ka ba sai ka roƙa ba. Gwamnati tana son na farko daga ɗan sitaj, ba ta ba shi na biyu ba.

Sannan ga ita mara lafiyar. Mace ta shigo, ta ga majo baƙo, hankalinta ya kwanta, sai ta juya ta ga ɗan garinsu zaune da biro. Nan take ciwon ya koma "ciwon ciki". Ɓatan wata, sanyi, yoyon fitsari, duk su shige cikin kalmar nan guda, kuma maganin da za a rubuta na ciwon da ta faɗa ne. Wata ma sunan ɗanta na fari ba za ta iya furtawa ba don kunya, sai an kira ta waje ta shigo ta faɗa, ga kunne na huɗu ya ƙaru a ɗakin. In aka tambaye ta ko ta yarda a yi mata gwaji, sai ta ce "to". Duk Bahaushe ya san "to" tana da kala-kala, akwai ta yarda, akwai ta "ya zan yi". A takarda duk gida ɗaya ake cika musu.

Abin da nake nema bai da yawa. A biya ɗan sitaj ko kuɗin hanya da na abinci ne. A ba shi wuni ɗaya na horo kafin ya taɓa rajista, ya sa hannu kan alkawari. A tambayi mara lafiya, kafin ta buɗe baki, ko ta yarda wannan ɗin ya zauna, kuma in ta ce a'a ya fita ba tare da an harare ta ba.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. To ga aiki nan gabanmu, mu ƴan harsuna, kuma aiki ne da ya kamata a biya. Na fara rubuta shafi ɗaya da Hausa wanda za a iya karanta ma mara lafiya a ƙofar ɗakin awo, ya ji abin da ake rubutawa a kansa da wanda ke da izinin gani. Na cije a kan "données personnelles". "Bayanan sirri" ya yi ƙunci, don sunanka da unguwarku ba sirri ba ne, amma dokar ta kare su. "Bayanan kai" kuma wata gwaggona da na gwada ma ta ɗauka ciwon kai nake nufi. Wanda ke da kalma ya same ni a fakilte bayan kwas ɗin safe.