Auta Ya Shiga Kokawa

Idan kaka ta yi, an yanke gero, an kai damma rumbu, sai dandali ya cika. Tun zamanin kakanni lokacin nan ne na kokawa a ƙasar Hausa, domin ciki ya cika, aikin gona ya yi sauƙi, ga kuma farin wata. Dambe an san shi da mahauta, kokawa kuwa wasan manoma ce.

Akwai wani manomi a wani ƙauye can wajen Jibiya, kusa da iyakar Nijar, yana da ɗan auta mai shekara 10. Ran nan da dare Auta ya zo ya durƙusa, ya ce, "Baba, ina so in shiga kokawa." Uban ya yi murna, gama shi ma ya taɓa ta da ƙuruciya. Uwar kuwa ta dubi ƙafafun yaron, sirara kamar karan dawa, ta yi tagumi. Shi uban yana tsammani ɗansa zai dinga zubar da yaran gari. Ita kuma tana tsammani za a kawo mata shi da karaya. Ashe duk su biyu ba su san abin da ke gabansu ba.

Aka kai Auta wurin kawunsa, wani tsohon ɗan kokawa wanda ya ke koya wa yara a bayan gari, inda rairayi ya ke da laushi. Kwana bakwai cur Kawu bai bar shi ya kama kowa ba. Faɗuwa kaɗai ya ke koya masa. Ya kan ce, "Sunkuyar da haɓarka ta taɓa ƙirji, don kada ƙeyarka ta bugi ƙasa. Kada ka miƙe hannu ka tokare, nan a ke karyewa. Faɗi da gefe, ka mirgina." Dalili kuwa shi ne, ƙasusuwan yaro ba su gama ƙwari ba, musamman wajen gaɓoɓi inda su ke ƙara tsawo. In ya tokare da hannu, nauyinsa da na abokin kokawarsa duk sai su taru a wuyan hannun nan.

A gida, abin da uwar ta fara gani shi ne yunwa. Auta ya kan dawo da ƙura har cikin kunne, gwiwa a ƙuje, ya cinye tuwonsa ya duba kwanon yayyensa. Sai ta ƙara masa wake da gyaɗa da nono, ta kuma sa shi ya riƙa shan ruwa da yawa. Da safe ya tashi yana ɗingishi, cinyoyi suna ciwo. Wannan ba cuta ba ce, gajiya ce ta naman jiki wanda bai saba ba, bayan kwana biyu ko uku ta kan wuce.

To, ran da aka fara sa shi a dandali, makaɗa na kiɗa, mutane sun yi da'ira. Ba a ko daɗe ba wani yaro ya taɗe shi, ya faɗi. Ya sake shiga, aka sake ka da shi. Sau uku ke nan a dare guda. Uban ya ji kunya ƙwarai. A kan hanyar gida ya ce, "Kai, ka ba ni kunya! Ɗan wa ka ke?" Auta bai ci tuwo ba daren nan.

Da labari ya kai kunnen Kawu, sai ya zo gidan da sassafe. Bayan sun gaisa ya ce, "Malam, kai sau nawa aka ka da kai kafin ka yi kaye na fari?" Uban ya yi shiru. Kawu ya ce, "Ni kaka biyu na yi ina shan ƙasa. Yaron da aka ka da shi a fili, aka sake ka da shi a gida da baki, ba ya komawa. Jiya ka lura da yadda ya faɗi? Kansa bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya." Gaskiyar Kawu. Iyaye da yawa su kan manta nasu kayen, sai na 'ya'yansu su ke ƙirgawa.

Amma akwai abin da ya kamata iyaye su ji tsoro, Kawu kuwa bai ɓoye musu ba. Ba ya yarda a haɗa yaro da wanda ya fi shi girma da nauyi, kome zugar 'yan kallo. Kafin a fara, ya kan duba farce a yanke, ya share fili don ƙaya da kwalba. In ya ga makero ko ƙazuwa a jikin yaro, sai ya ce ya zauna gida har a yi magani, don suna yaɗuwa in fata ta gogi fata. Wanda ya fi duka kuwa shi ne buguwar kai. Yaron da kansa ya bugu, ya tashi yana jiri, ko yana amai, ko ya rikice bai san inda ya ke ba, ba a ce masa ya daure. A kai shi asibiti nan da nan, kada kuma ya koma kokawa sai likita ya yarda. Uwar ta riƙe wannan da kyau, har ta fi uban riƙewa.

Wani maƙwabci ya ba da shawara a sayo wa Auta laya da kambu. Kawu ya yi dariya, ya ce kuɗin a sayi ƙwai.

Da sanyi ya shigo, sai aka taru gindin rediyo ana sauraron gasar Takobi ta Nijar. Wannan gasa an fara ta a Tawa cikin 1975, Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Jihohi takwas na ƙasar kowace ta kan kawo 'yan kokawa goma, watau mutum 80 ke nan. Kawu ya dubi Auta ya ce, "Ka je makaranta, yi mini lissafi. Mutum 80, takobi ɗaya. Nawa za su koma gida ba takobi?" Auta ya ce, "Saba'in da tara, Kawu." Uban yana gefe yana ji.

Daren Jumma'a aka sake kiɗa a dandali. Auta ya shiga da yaron nan da ya fara taɗe shi. Suka daɗe suna juyawa, ƙura na tashi, har makaɗa suka ƙara wuta. Can dai ƙafar Auta ta zame, ya faɗi da gefe, ya mirgina, ya miƙe, ya ba abokinsa hannu. Uban ya keta da'ira, ya kakkaɓe masa rairayi a baya, ya kira mai ƙosai ya ce ta zuba wa yaran nan biyu.