Juyen Mai a Ƙofar Gida

Kafin Janar Babangida ya cire Katsina daga jihar Kaduna a watan Satumba na 1987, motocin da ke kwana a unguwarmu ta Ƙofar 'Yandaka ba su da yawa, kuma galibinsu Peugeot ne. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, a shekarar ce kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, ga kuma bashin mota da gwamnati ke ba wanda ya kai matsayi. Ta haka mahaifina, malamin makaranta, ya mallaki 504 fara, wadda kowa a gida yake kira Fijo. Ya san albashinsa ba zai sayi ta biyu ba, shi ya sa ya riƙe ta da tattalin da ban sake ganin irinsa ba.

Littattafan tarihi suna tuna ƙofarmu da cewa ta nan Gwamna Lugga ya shigo Katsina a 1903. Mu yaran unguwa da hanyar Batsari muka san ta, da ƙurar da ke tasowa daga can. In hunturu ya kama, hazo ya sauka har hasumiyar Gobarau ta dushe, ƙurar nan ba a gilashi kaɗai take tsayawa ba. Tana bin iska ta shiga inji, ta gauraya da baƙin mai, ta koma tana cin ƙarfen da man ya kamata ya kare. Don haka Baba ya kafa wa kansa doka: duk kilomita 5,000 a juye mai a sa sabuwar filta, in da hunturu ne kuwa ba ya jira lissafin ya cika. Yana kai mota gareji in kafireta ta rikice ko birki ya yi sanyi. Juyen mai dai a ƙofar gida ake yinsa, da hannunsa.

Tun ana gobe yake sayo galan mai lita 4 a gidan mai, wanda ba a fasa hatiminsa ba, da filta a kwalinta. Da hantsi, ranar da babu makaranta, sai ya tayar da mota ya bar ta ta ɗan yi ɗumi, domin mai mai sanyi yana da nauyin jiki, yakan bar dattinsa a ƙasan inji. Ba ya kuma bari ta yi zafin da za ta ƙona hannu. Ya ajiye ta inda ƙasa ta daidaita, ya ja birkin hannu, ni kuma in kawo duwatsu in tokare tayoyin baya. Fijo tana da tsayi daga ƙasa, ba ta bukatar jak. Ko da tana bukata, Baba ba ya yarda mutum ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga, ya sha faɗa mana haka da kakkausar murya.

Shi yake fara shiga, a kan tsohuwar tabarma, ya sassauta notin ƙasan inji da sifana. Sannan ya fito ya ce, “Shiga ka ƙarasa da hannu, amma ka danne shi sama har zare ya ƙare, sannan ka janye da sauri.” Wannan shi ne rabona a aikin, kuma ina alfahari da shi fiye da yadda zan iya bayyanawa. Notin ya fita, man ya zubo baƙi ƙirin, da ɗuminsa da warinsa, cikin tsohon kwanon da Inna ta yafe mana. Daga nan sai jira. Baba ba ya gaggawar mayar da noti sai zubar ta koma ɗigo, ɗigon ma ya yi nisa da juna.

A wannan jiran ne maƙwabcinmu yake jawo bencinsa. Tsohon direban babbar mota ne da ya yi shekaru a hanyar Kano da Legas kafin ido ya ajiye shi. Bai taɓa ganin an buɗe bonet ya wuce ba.

“Malam, an tashi lahiya? Miƙo mani kwanon nan in gani.”

“Ga shi, Alhaji, a duba mana.”

Sai ya tsoma yatsa biyu ya murza, ya ɗaga wa rana, ya shinshina. A bakinsa na fara jin cewa tsohon mai yana ba da labarin inji ga wanda ya iya karantawa. Baƙi kawai ba laifi ba ne, alama ce ya kwaso toka da datti kamar yadda aka sa shi. In ya yi kalar shayi mai madara, ruwan lagireto ya samu hanyar shiga, gasket ya ƙone. In ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki, metal ya fara cinyewa, ka nemi makanike tun inji bai buga ba. In yana warin fetur, kafireta na ambaliya tana tsinka man. Ranar da ya murza ya ce “Lahiya lau take, Malam,” sai in ga fuskar Baba ta saki. Na daɗe ban gane cewa wannan dubawar ita ce dalilin da ya hana Baba bai wa wani aikin ba. A gareji yaron makanike zai kwashe kwanon ya watsar bayan shago, ba wanda ya tambayi man komai.

Filta ta fi noti taurin kai. Zafi yakan manne ta, sai an naɗa mata tsohon bel an murɗa. In ta fito, Baba yakan duba ko robarta ta biyo ta, domin in tsohuwar roba ta maƙale aka ɗaura sabuwa a kanta, man zai tsiyaye a hanya. Sai ya lakato sabon mai ya shafa wa robar sabuwar filta, ya ɗaure ta da hannu zalla, ba sifana. Wata rana ya sa aka yanka tsohuwa da zarto don in ga cikinta: takarda ce mai ninki-ninki, ta yi baƙi ta cika da dauɗa. Ya nuna mini wata 'yar ƙofa da ke buɗewa in takardar ta toshe, man ya wuce ba tare da an tace shi ba. Ma'ana, mai motar da ya sa sabon mai ya bar tsohuwar filta ba zai ga wata alama ba, mota za ta yi ta tafiya, dattin kuma yana zagaya injin.

Sauran aikin ba ya ɗaukar lokaci. A mayar da noti da sabuwar washa ta jan ƙarfe, a ɗaure ba da mugunta ba kada zare ya lalace, a zuba mai ta mazurari. Ni ke zama a kujerar direba ina kallon jar fitilar mai. Baba ya tayar, in ta mutu in yi ihu in sanar. A leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, a kashe, a jira man ya kwanta, a zaro geji a goge da tsumma, a mayar, a sake zarowa. Tsakanin zane biyu ake so ya tsaya.

Tsohon man kuwa tun kafin ya huce ake layinsa. Mai amalanke zai shafa wa gatarin ƙafafunta, kafinta zai shafa wa katako da azara saboda gara, wasu su zuba a masai don sauro. Wannan ɓangaren ba na kewarsa. Yanzu an san tsohon mai yana cutar da fata in ana yawan taɓa shi, kuma wanda aka zuba a rami yana iya bin ƙasa ya iske rijiya, mu kuwa a lokacin gidaje da yawa da rijiya suke sha. Abin da ya dace shi ne a mayar da shi galan a rufe, a kai inda ake tara shi.

Daga 1986, da shirin SAP na gwamnati ya zo darajar naira ta zube, kayan mota suka yi tsada, jabu ya cika kasuwa. Filta mai kwali mai kyau amma cikinta ba komai, da mai na awo a kwalba wanda ba ka san daga wace ganga ya fito ba, wani ma tsohon mai ne aka tace aka sake sayarwa. Baba ya rage tafiye-tafiye, ya rage cefane, bai rage ingancin mai ba. Bayan haka motocin Kwatano suka shigo, Golf da Honda da Toyota. Na yanzu sun fi waɗancan kwanciya a ƙasa, an rufe cikinsu da roba, da yawansu mai marar kauri suke so, irin 5W-30 ko 0W-20, ba 20W-50 ɗin da Fijo ke sha ba. Yana ba ni takaici in ga an ɗura wa sabon inji mai kauri don kawai shi aka saba da shi, mai motar yana can gefe yana waya, bai ko buɗe littafin motarsa ya ga abin da aka rubuta ba.

Baba yana da ƙaramin littafi a aljihun gaban mota. Duk juye sai ya rubuta kwanan wata, lambar kilomita, irin mai, da ko an canza filta, da rubutunsa na malamin makaranta. Da ya yi ritaya ƙarfi ya ragu, ya yanke shawarar sayar da Fijo. Wani direban haya da ke jigila tsakanin Katsina da Jibiya ya zo da makanikensa. Makaniken ya saurari inji, ya zaro geji, sannan Baba ya miƙa musu littafin. Suka zauna a bencin Alhaji suna buɗa shafi bayan shafi. Direban bai nemi ragi ba. Ya roƙi a bar masa littafin, Baba ya ce ai na motar ne, ya kuma sa shi ya yi alkawarin ci gaba da rubutawa daga inda aka tsaya.