Abin Da Na Koya A Bakin Karofi

Gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma na daɗe ina ɗaukar rini da ƙira da jima a matsayin aikin waɗanda boko ya wuce su. Wannan zato ya rushe ne ranar da na raka wani baƙo marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake cewa ta samo asali tun shekarar 1498.

A can na ga wani dattijo ya tsoma farin ƙyalle cikin ramin rini, ya ɗago shi kore-kore, nan take ya rikiɗe ya koma shuɗi. Da na tambayi dalili, sai ya ce, "Ɗan nan, ai sai ya sha iska." Daga baya na gano cewa maganarsa kimiyya ce tsantsa. Shunin baba ba ya narkewa a ruwa, sai an haɗa shi da toka an bar shi ya tsima, ƙananan halittu su sauya shi ya ratsa zare. Da zarar iska ta taɓa shi, sai ya koma asalinsa ya kama ƙyallen.

Tun daga nan na riƙa zuwa kowace Asabar. Ranar farko na bar ƙyallena ya daɗe a ciki, wai don ya yi duhu, amma ya fito fari-fari. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Rini ba ya son gaggawa, tsomawa ake yi a ɗago, a sake tsomawa." Ba shi da ma'auni ko ɗaya, da wari da launin kumfa yake sanin lafiyar ramin.

Ina jin abin da ke jawo irinmu masu aikin na'ura ke nan. A shagona, canza kayan da aka ƙera a wata ƙasa kurum nake yi, ban san cikinsu ba. A karofi kuwa, daga ganye har tufa, komai a gaban idona yake gudana.

Abin da ke damuna shi ne ramuka da yawa sun bushe, kuma wannan ilimi a ƙirjin tsofaffi yake, ba a takarda ba. Malamin da ya kai ɗalibansa marina ya koyar da harshe da tarihi da kimiyya a darasi guda. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.